Fatsar Nishaɗi da Ƙarancin Kifi a Teku

Bahaushe ya san su a matsayin sana'a, wadda Sarkawa suka gada kaka da kakanni, suke ci da iyali da ita. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa akwai wani nau'in su na daban, wanda ma'aikaci ko ɗan kasuwa kan yi ranar hutu domin nishaɗi. Yakan ɗauki fatsa ya hau ƙaramin jirgin ruwa mai inji ya nufi teku. Masu wannan ɗabi'a miliyoyi ne, kuma an daɗe ana ganin ba su da wata illa, domin me ƙugiya ɗaya za ta rage a ruwan da ba a ganin iyakarsa? A nawa ra'ayin, wannan zato ne ya jinkirta gyara.

A shekarar 2004 mujallar Science ta buga wani nazari da ya nuna cewa masu fatsar nishaɗi na kama kashi 4 cikin ɗari ne kacal na kifin tekun da ake kamawa a Amurka. Amma da aka ware nau'o'in kifin da ke cikin haɗarin ƙarewa, sai kasonsu ya kai 23, a Mashigin Tekun Meziko ma har 64. Da yayyafi kogi kan cika, in ji Hausawa.

A wannan mashigi akwai wani jan kifi mai suna sinafa, wanda kan rayu fiye da shekara 50. Yawansa ya ragu ainun wajen 1990, sai hukuma ta ƙayyade nauyin da za a kama kowace shekara, ta ba masu sana'a kashi 51, masu nishaɗi kashi 49. Daga 2007 kowane mai sana'a yana da nasa kason, ana kuma auna kifinsa a bakin gaɓa. Masu nishaɗi fa? Su kam sai dai a tambayi kaɗan daga cikinsu, a yi kirdadon sauran. Sakamakon haka, daga 2007 zuwa 2013 sun zarce kasonsu kusan kowace shekara, har wata kotun tarayya ta yanke hukunci a 2014 cewa hukuma ta yi sakaci.

Maganin da hukuma ta riƙa yi shi ne rage kwanakin kamu a ruwan tarayya. Kwana 194 ne a 2007, ya koma 9 a 2014. A 2017 aka sanar da kwana 3, kafin ƙorafi ya sa a ƙara. Abin mamaki a nan shi ne, a lokacin kifin farfaɗowa yake yi. Da yake ya ƙara girma, kuma da nauyi ake lissafi, sai kason ya riƙa cika da wuri. Jihohin da ke bakin mashigin kuma suka tsawaita kwanaki a nasu ruwan, wanda ya cinye wani ɓangare na kason. Mai fatsa yana ganin kifi jingim, ana ce masa ya koma gida, ta yaya zai amince da alƙaluman hukuma?

Akwai kuma kifin da ke mutuwa ba tare da ya shiga lissafin kason ba. Idan aka jawo sinafa daga zurfi, jakar iskar da ke cikinsa kan kumbura har tumbinsa ya leƙo ta baki. Ko an sake shi, sai ya yi ta yawo a saman ruwa ya kasa nutsewa. A 2022 doka ta wajabta riƙe na'urar mayar da shi ƙasa ko ta sace iskar.

Turai ma ba ta tsira ba. A yammacin Tekun Baltik an ƙayyade wa mai fatsa kifin kod 5 a rana a 2017, aka mayar da shi 1 a 2022, aka hana kamun gaba ɗaya a 2024. Gaskiya ne ɗumamar ruwa da ƙarancin iskar shaƙa a cikinsa da kuma manyan jiragen su suna da hannu a wannan, sai dai an makara wajen sa masu fatsa cikin lissafi.

Ɗalibi zai iya tuna Matan Fada ta Argungu, inda ake hana su sai lokacin biki. Hanin yana aiki ne domin wurin ƙayyadajje ne, idon Sarkin Ruwa na kansa. Teku kuwa mashigarta dubbai ce, don haka rufe ta ba tare da ƙirga masu shiga ba aikin baban giwa ne. Masu fatsa kan ce suna biyan lasisi, kuma otal-otal da masu sayar da jirage na cin abinci ta dalilinsu. Wannan haka yake, amma bai ɗauke musu nauyin faɗin abin da suka kama ba. Jihar Misisifi ta gwada hakan tun 2015: mai neman sinafa zai karɓi lambar tafiya ta wayarsa kafin ya fita, kuma ba za a ba shi wata ba sai ya ba da rahoton ta baya. A 2020 aka miƙa wa jihohin mashigin biyar ikon tsara kwanakin masu fatsa da kansu.