LEDA DA DANSHI NA MAI DA MAGANI GUBA

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dogon Daji da damina zai ga masu magani sun baje sassaƙen maɗaci, ganyen sabara, bagaruwa, citta da kanumfari a ƙasa, an kuma ɗaure garin wasu a farar leda. Mai saye yakan tambayi kuɗi da yadda ake sha. Da wuya ya tambayi yaushe aka shanya, ko a ina ya kwana.

To a nan matsalar take. Ganyen da bai gama bushewa ba, in aka ƙulle shi a leda rana ta buga shi, gumi yake yi. Gumin nan shi ke haifar da hunhuna, wata hunhunar kuma tana fitar da dafin da masana ke kira afilatoksin. An gano shi ne bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda ƙulin gyaɗar da aka ciyar da su. A 2004 ya kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Tafasawa ba ta kashe shi, kuma hanta yake ci. Abin takaici, mai fama da shawara, wanda hantarsa ta riga ta jigata, shi ne ke kan gaba wajen neman jiƙo.

Ban da wannan, rana tana cinye ƙarfin ganye. Zogalen da ya koma ruwan ƙasa, ko kanumfarin da ba ya ƙamshi, sunansa kawai ya rage. Su kuwa masu zuba saiwa a buhun taki ko galan ɗin maganin feshi, ba su da uzuri ko kaɗan.

Da yawa daga 'yan uwa matasa sun kama wannan sana'a, har a ƙofar masallacin Juma'a. Su tuna Manzon Allah (S) ya tsawatar wa mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. A shanya a inuwa mai iska, kan tabarma, har kara ya karye ƙas. A zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, a ɗaga daga ƙasa, a rubuta wata. Kada a daka fiye da na 'yan makonni, domin gari ya fi saurin lalacewa. Wanda ya yi warin ruma a zubar, ko da nawa aka saye shi.