Ruwan Gulbi Ba Na Zubawa A Lagireto Ba Ne

Tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, jiragen ruwa masu inji da injinan ban-ruwa sun yawaita daga Goronyo zuwa Wurno da Achida. Amma har yanzu masu su da yawa na ganin cewa ruwan magani da ake zuba wa inji, wanda Turawa suka yi don hana daskarewa, ba shi da amfani a ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba. Wannan kuskure ne mai tsada.

Injin jirgi iri biyu ne. Wanda ake ratayawa a bayan kwale-kwale, irin na Yamaha, daga gulbi yake zuƙo ruwan da ke sanyaya shi, ba ya bukatar magani. Nasa kawai a tsare kafar shigar ruwan daga ciyawa da yashi. Amma inji mai lagireto, ruwa ɗaya ne ke ta kewaya cikinsa, kuma a nan ne ɓarnar take.

Ruwan gulbi na ɗauke da laka, na rijiya kuwa sau da yawa yana barin ɓawo mai toshe bututu. Dukansu suna kawo tsatsa. Shi ko maganin yana hana tsatsa, kuma idan aka gauraya shi rabi da rabi da ruwa, ba ya tafasa sai zafi ya kai wajen digiri 107, maimakon 100. A bazarar Sakkwato, inda zafin Afrilu kan wuce digiri 40, wannan rata ba ƙarama ba ce.

Sai dai zuba shi tsantsa ma illa ne, domin bai kai ruwa ɗauke zafi ba. Daidai shi ne kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, da tataccen ruwa irin na batir, kuma kada a haɗa iri biyu. Tsohon da aka juye guba ne mai zaƙi-zaƙi, kada a zubar da shi inda mutane da dabbobi ke sha.

Ya kamata malaman gona da ɗaliban makarantun koyon sana'a su kai wa makanikai da masunta wannan bayani. Mota in ta tafasa, direba ya raɓe gefen hanya. Jirgin da ya ɗauko 'yan kasuwa kuwa, in injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa da damina, babu gefen da zai raɓa.