Filin Masu Babur: Zaɓen Kayan Giyar Sikuta

Mai sikuta maras giyar ƙafa, idan yana neman ƙarin ƙarfi, wajibi ne ya san aikin rola da bel kafin ya zuba kuɗinsa a kasuwa. Rola maras nauyi takan sa babur saurin tashi, amma takan ƙara shan mai. Mai nauyi kuwa takan rage shan mai, sai dai babur ya yi nawa a hawan tudu. Saboda haka makaniki mai hankali yakan rage giram 1 kacal, ya gwada, kana ya taɓa kulochi. Bel kuma tilas faɗinsa da tsawonsa su dace da na kamfani, domin jabu yakan tsinke a tsakiyar titi. Araha dai ba ta ado.