KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

A daminar 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, matafiya suka koma ga kwalekwale, manoman Mutum Biyu da kewaye kuma suka ga yadda gada guda ke iya riƙe da arzikin al'umma. Masana lissafi sun daɗe da sanin irin wannan matsala. Tun 1736 Leonhard Euler ya yi nazarin gadoji 7 na birnin Konisbag, ya aza harsashin fannin da za mu kira ilmin ɗigo da layi, inda ɗigo ke matsayin gari, layi kuma hanya. A wannan fanni, duk layin da cire shi zai raba taswira gida biyu, sunansa gada.

Mun kawo wannan misali ne domin masu cewa irin wannan lissafi shagalin Turawa ne, ba ruwan talaka da shi. A 1926 Otakar Borůvka ya warware yadda za a kai wutar lantarki garuruwan yankin Morabiya da mafi ƙarancin waya. Idan ƙauyuka 20 ne, layuka 19 sun isa haɗa su. Aikin shi ne zaɓen mafiya arha ba tare da kewaye ba. Dalilin da ya sa zaɓen mafi arha a kowane mataki ke kai wa ga dacewa yana cikin ilmin matiroyid, wanda Hassler Whitney ya gabatar a 1935. Ashe ƙaramar hukumar Gasol ta fi kowa buƙatar wannan sani.

To, ina ɗalibin da ya taso daga Mutum Biyu ya shiga jami'ar jihar Taraba a Jalingo, ko ta tarayya da ke Wukari, zai sami sabon bincike? Manyan kamfanonin ɗab'i sun kulle shi. Malami ya yi bincike da albashin gwamnati, ya miƙa kyauta, wani malamin ya tantance kyauta, sannan kamfani ya sayar wa laburaren jami'a da tsada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Da aka yi kuka, sai suka ce za su buɗe wa mai karatu, amma marubuci ya biya dubban daloli kan maƙala ɗaya. An dai matsar da shingen daga wannan ƙofa zuwa waccan, kuma malamin Nijeriya na waje a duka biyun.

Masanan fannin ba su naɗe hannu ba. A 1994 Herbert Wilf da Neil Calkin suka kafa mujallar Electronic Journal of Combinatorics, ba ta karɓar ko anini daga marubuci ko mai karatu. A 2012 Timothy Gowers ya jagoranci ƙaurace wa kamfanin Elsevier. A 2017 editocin wata mujallar Springer suka yi murabus suka kafa Algebraic Combinatorics, a 2020 kuma na Journal of Combinatorial Theory, Series A suka bar Elsevier suka kafa Combinatorial Theory. Masu cewa abin kyauta ba ya da inganci su duba aikin June Huh da Karim Adiprasito da Eric Katz kan matiroyid: sun ajiye shi a rumbun arXiv a 2015, kowa ya karanta, a 2022 kuma Huh ya karɓi lambar Fields, wadda ake ɗauka mafi daraja a lissafi.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kundayen digirinmu nawa ne ƙura ta lulluɓe a kan kanta, babu mai ganinsu sai gara? Mujallunmu na sashe ana buga kwafi kaɗan, a raba wa marubuta domin neman ƙarin girma, shi ke nan an binne su. Wasunmu kuma suna kwasar albashi suna kai wa mujallun bogi masu buga komai cikin mako guda. Da wane baki za mu zargi baƙo da ɓoye ilmi, alhali namu ma a kulle yake?

Saboda haka muna kira ga majalisun jami'o'inmu da su wajabta ajiye kowane kundi da kowace maƙala a rumbun intanet da kowa zai shiga. Kwamitocin ƙarin girma su karanta aiki su auna shi, su daina ƙirga sunayen kamfanoni. Asusun TETFund ya tallafa wa mujallun da ba sa cajin kowa. Mu kuma na sashen Hausa mu zauna da na sashen lissafi mu daidaita kalmomin fannin, domin ƙofar da aka buɗe da harshen da ɗalibi bai ƙware a kansa ba, rabinta a rufe take. Yaron da ya ga gadar Namnai a karye ya riga ya fahimci tambayar. Haƙƙinsa ne a kanmu ya sami hanyar karanta amsar.