Shawarar wata: Mai tara suma sai ya yi haƙuri

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, samari da yawa na son tara suma. Ku sani, gashi na ƙaruwa wajen santimita 1 kawai a wata. Bayan wata 3, bai isa kitso ba, kuma ya cukurkuɗe. Hula ta ƙi zama, abokai na dariya. Nan ne masu gaggawa ke askewa.

Ku dubi samarin Bororo. Dogon kitsonsu aikin shekaru ne.

Saurayi, wanke kanka da sabuni sau 2 a sati. Shafa man shanu kaɗan, ka taje kullum. Wanzami ya gyara ƙeya kawai, da sabuwar reza, don tsohuwa na yaɗa cuta. In makero ya kama ka, tafi likita tun da wuri.