Gidajen kan ruwa da ambaliyar Gulbin Kaba: abin da Tasawa da Mayahi za su iya ɗauka

Duk shekarar da damina ta yi ƙarfi, hotunan gidajen da ke shawagi a kan ruwa a ƙasashen Turai sukan cika wayoyin jama'a, ana tambayar me ya hana a yi irinsu a nan. Tambayar ba ta wasa ba ce. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutane kusan 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma jihar Maraɗi ce ta fi asarar rayuka. Har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa 28 ga Oktoba, domin waɗanda suka rasa muhalli suna kwana cikin azuzuwa.

Mutanen Tasawa ba baƙin labarin zama a kan ruwa ba ne. Garin Conflans-Sainte-Honorine na Faransa, wanda ya ƙulla ƙawance da Tasawa a ƙarshen shekarun 1990, yana daidai mahaɗar kogunan Seine da Oise, kuma shi ake kira babban birnin masu jiragen dakon kaya na cikin kogi. A can iyali guda kan zauna cikin jirginsu, a haifi yara a ciki, su gaji sana'ar. Har coci suke da shi a kan ruwa, wani jirgin siminti mai suna Je Sers da aka mayar wurin ibada a 1936. Da manyan motoci suka ƙwace dakon kaya daga shekarun 1970, jirage da yawa suka rasa aiki. Nan wata sabuwar sana'a ta taso: dillalai su sayi tsohon jirgi mai tsawon mita 38 da rabi, maƙera da kafintoci su yanka ɗakuna a inda ake zuba kaya, a sayar wa ma'aikatan da ke neman wurin zama kusa da Paris. Abin da ya fara a matsayin mafakar talaka ya koma kayan masu hannu da shuni.

Holand ta wuce nan. A garin Maasbommel, bakin kogin Maas, kamfanin Dura Vermeer ya gina gidaje a 2005 a kan wani akwatin siminti mai rami a ciki. Gidan yana zaune a ƙasa, in ruwa ya zo sai ya ɗaga, ginshiƙan ƙarfe suna riƙe da shi don kada ya tafi, in ruwa ya janye ya sauko mazauninsa. A Afirka kuwa an gwada a unguwar Makoko ta Legas, inda mai zanen gini Kunlé Adeyemi ya kafa makaranta mai hawa uku a kan gangunan roba a 2013. Ta rushe a watan Yunin 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi, Allah Ya taimaka babu ɗalibai a ciki, domin an riga an kwashe su.

Duk waɗannan wurare suna da abu ɗaya da gundumomin Tasawa da Mayahi ba su da shi: ruwa mai zama shekara cur, ko kogi da aka san lokacin cikarsa. Gulbin Kaba busasshen kwari ne a yawancin shekara, goriba da gonakin hatsi ne a cikinsa. Ruwansa yakan zo da gaggawa, ya ci koramu, ya taru a kwaruruka da kududdufan da aka haƙa don ɗebo ƙasar gini, ya kwanta na makonni. Gidan da aka kashe wa miliyoyin sefa don ya ɗaga sau ɗaya a shekara biyar ba abin da manomin Mayahi zai saya ba ne, balle a ce magajin gari ya saya masa.

Akwai kuma abin da alƙaluman 2024 suka nuna: waɗanda gini ya faɗa wa sun fi waɗanda suka nutse yawa. Bangon laka ba ya buƙatar ruwa ya kai ƙirji kafin ya faɗi. Gindinsa ya jiƙe kwana biyu, rufin ƙasa ya sha ruwa ya yi wa azara nauyi, cikin dare ya rufta a kan masu barci. Tsohon masallacin Damagaram mai shekaru fiye da 150 ma ruwan ne ya kayar da shi a Satumban wannan shekarar. Maganin wannan ya fi araha nesa ba kusa ba: tushe na dutse ko bulo da ya ɗara ƙasa, yaɓen siminti a ƙasan bango, indararo mai jefa ruwa nesa da gindi, da yashe magudanai kafin watan Yuni.

Abin da ya fi dacewa a aro daga masu gidajen kan ruwa shi ne ƙa'ida. A Faransa ba mai ɗaure jirginsa inda ya ga dama, sai da takardar izini, da kuɗin wuri, da binciken lafiyar jirgin lokaci zuwa lokaci. A nan kuwa, yadda garuruwa ke faɗaɗa, filin da ya fi araha shi ne na bakin tafki da hanyar ruwa, kuma shi talaka ke iya saye. Hukumomin da ke yanka filaye sun san inda ruwa ya bi a 2024, domin alamarsa tana nan a jikin bangaye.

Maraɗi kanta ta taɓa yanke wannan shawara. Tsohon garin yana cikin kwarin gulbi ne, ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka sake kafa shi a kan tudu inda yake yau. A wancan lokaci gwamnatin mulkin mallaka ce ta ba da umurni, fili kuma yana da yalwa. Yanzu tudun da ke kewaye da Tasawa da Mayahi gonakin mutane ne na gado, kuma duk majalisar da ke son tayar da unguwa daga kwari sai ta fara nemo kuɗin diyyar masu gonakin.