Dama Can Da Ciwonsa

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida ana dakawa, ƙurar ta bi ƙasa, yara suka ci. Tungar Guru tana cikin ƙauyukan da aka kankare ƙasarsu aka zuba sabuwa. Yaran da suka rayu yau samari ne, sun isa aikin lebura. Amma fa dalma ba ta barin jiki yadda ta same shi, gama takan taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda da jijiyoyi, ta kwanta cikin ƙashi shekara da shekaru.

A watan Disamba na shekarar nan aka sa hannu a dokar diyyar ma'aikata. Mai ba da aiki zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi a asusun NSITF, wanda kuwa aiki ya naƙasa shi sarai har abada, a ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Madalla. Sai dai in mutum yana da tsohuwar naƙasa, ba a biyansa sai gwargwadon abin da sabon rauni ya ƙara.

To, wa ya auna tsohuwar? A ce saurayi ɗan Tungar Guru ya faɗo daga kan gini, hannunsa ya shanye. Nan da nan za a ce, "Ai mutumin ƙasar dalma ne, dama can da ciwonsa." Ran da aka ɗauke shi aiki ba wanda ya tambayi ciwon nan. Ya yi wata goma yana ɗaukar buhun siminti, ana biyansa kamar kowa, ba a rage masa ko kwabo don dalma ba. Ashe lafiyarsa ta isa a ci moriyarta, ba ta isa a biya diyyarta ba? Wannan zalunci ne tsantsa. Lebura mai ido ɗaya, in tsakuwa ta tsiyaye ɗayan, ba rabin makaho ya zama ba, makaho ne, ɗan jagora yake bukata.

Shari'a ta ce hujja tana kan mai da'awa. Wanda ya ce da ciwo tun da, shi ne mai da'awa, shi ya kamata ya kawo takardar likita ta ranar ɗaukar aiki. In ya ƙi kashe kuɗin awo ran nan, kada a saurare shi ran da mutum ya karye.

Kafin mahukunta su yarda da haka, iyayen da aka yi wa 'ya'yansu awon jini a 2010 su adana kowace takardar asibiti cikin adaka, kada gara ta ci. Saurayi kuma, in zai kama aiki, ya tambaya ko an rubuta sunansa a asusun.